Katin 'yan wasa a matsayin jari: Darasi daga kasuwar shanu ta Potiskum

A watan Agustan 2025, gidan gwanjon Heritage da ke Amurka ya sayar da wani kati mai ɗauke da hoto da sa hannun Michael Jordan da Kobe Bryant kan dala miliyan 12.9. Cinikin ya zarce na katin Mickey Mantle na 1952, wanda aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022, bayan mai shi ya saye shi dala 50,000 a 1991. Masoya ƙwallon ƙafa ma suna da nasu misalin, domin katin Pele na 1958 ya haura dala miliyan 1.3 a 2022.

Irin waɗannan alƙaluma suna da saurin shiga zuciyar ma'aikacin gwamnati. Naira da ake canzawa kusan 460 kan dala ɗaya kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne. Duk abin da ake yi wa farashi da dala sai ya zama tamkar mafaka ga mai ɗan tattali. Sai dai kafin a zuba kuɗi, akwai tambayoyi uku da kasuwar shanu ta Potiskum a Jihar Yobe, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ta daɗe da amsa su.

Ta farko ita ce wa zai saya. Kowace Laraba fatake suna cika Potiskum, ana loda dabbobi a tirela zuwa kudancin ƙasar. Malamin makaranta da ya turke sa ko rago ya san ranar da zai kai shi kasuwa, ya kuma san buƙata za ta tashi gabanin Babbar Sallah. Manyan masu sayen kati kuwa suna Amurka, Turai da gabashin Asiya. Mai kati a Potiskum ko Abuja sai ya aika shi ƙetare, ya biya kuɗin jigila da inshora, sannan gidan gwanjo ya ɗora la'adarsa ta kusan kashi 20 cikin ɗari a kan mai saye, abin da ke rage tayin da ake yi.

Ta biyu ita ce wa zai tantance haja. A kasuwar shanu mai saye yana duba haƙora, ya taɓa tozo, ya ga tafiyar dabba, dillali kuma yana tsaye a matsayin shaida. Darajar kati tana rataye ne a kan makin da kamfanoni irin su PSA suke bayarwa daga 1 zuwa 10, kuma ɗan lanƙwasa a kusurwa yana iya zaftare mafi yawan kuɗin. Jabu ma suna yawo. Sayen kati a intanet ba tare da wannan shaida ba cinikin biri a sama ne.

Ta uku ita ce me hajar take haifarwa. Sa yana ƙara nama, saniya tana ba da nono da maraƙi. Kati ba ya ƙara komai, ribarsa kawai a samu wanda zai biya fiye da yadda aka saya. Katin Jordan na kamfanin Fleer na 1986 mai maki 10 ya kai dala 738,000 a farkon 2021, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida. Bayan babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa a 2022, irinsa ya faɗi ƙasa da dala 200,000. Tun kafin nan, katunan da kamfanoni suka buga birjik a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 yawancinsu ba su da wata daraja a yau, domin abin da ya yi yawa ba ya tsada.

Kiwo ma yana da nasa haɗarin: cuta, tsadar dusa da harawa, da ɓarayin shanu. Potiskum ba ta manta da harin da aka kai kasuwar a Mayun 2012 ba, wanda ya ci rayuka da dama. Bambancin shi ne makiyayi ya san haɗarinsa, yana kuma iya auna shi.

Babban abin tsoro shi ne masu damfara su ari sunan wannan harka, su yi alƙawarin riba duk wata daga katunan da ba wanda ya gani. Rushewar MMM a 2016 da CBEX a Afrilun 2025 ta nuna yadda hakan ke ƙarewa. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari, hukumar SEC kuma tana da rajistar kamfanonin da ta amince da su, wadda kowa zai iya dubawa.

Wanda ya sayi katin Osimhen ko Messi don sha'awa, da rarar kuɗin da ba zai yi kewarsa ba, bai yi laifi ba. Amma kuɗin adashe, bashin ƙungiyar ma'aikata da garatuti sun fi dacewa da hajar da mai ita ya san ranar kasuwarta da masu sayenta.