"Gidana Ne" Ba Hujja Ba Ce A Jikin Katangar Makaranta

Akwai wata kalma da ke kashe bakin kowa a garuruwanmu na Magariya da Dungas, da zarar an taɓo abin da mutum yake yi a cikin gidansa ko filinsa. Kalmar ita ce "gidana ne". Mutum ya jera jarkokin ruwa-ruwa a ɗakin da ke manne da aji, ka yi magana, ya ce gidansa ne. Wani ya kafa injin niƙa a bayan tagar 'yan ajin farko, malami na ta ɗaga murya har ta dushe, ka yi magana, gidansa ne. Wani kuma ya jawo rumfar shagonsa ta cinye rabin hanya, ya cike magudanar ruwa da ƙasa don babura su samu wurin tsayawa, shi ma amsarsa ke nan. Mu kuma sai mu yi shiru, wai don zaman lafiya da maƙwabci.

To ni dai na ce wannan shirun ba zaman lafiya ba ne. Kasada ce da rayukan yara, kuma iyaye da malamai ne ya kamata su fara karya shi, tunda su za su fi kowa kuka ranar da abin ya ɓaci.

Ba mu manta da ranar 13 ga Afrilun 2021 ba, ranar da gobara ta kama azuzuwan zana a wata makarantar unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 ko fiye suka ƙone, yawancinsu 'yan ajin renon yara. Wata bakwai ba su cika ba, ranar 8 ga Nuwamba, irin wannan masifa ta auka wa Maraɗi, aƙalla yara 25 masu shekara biyar zuwa shida suka rasu. Allah ya jiƙansu. Darasin da kowa ya ɗauka shi ne zana tana cin wuta, kuma gaskiya ne. Gwamnatin wancan lokaci da kanta ta ce akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar, ta kuma hana sanya 'yan ajin reno a cikinsu. Amma akwai darasi na biyu da muka tsallake. Jami'an kashe gobara a Yamai sun bayyana cewa wutar ta taso ne ta wajen ƙofar shiga, kuma babu wata mafita, har sai da yara suka riƙa haura katanga. Wannan magana ce ta tsarin wuri: ina ƙofa take, ƙofa nawa ce, me ke kewaye da makaranta, ta ina motar ruwa za ta shigo. Ko gobe aka mayar da kowane ajin zana na siminti, makarantar da aka toshe da shaguna ta kowane gefe aka bar mata ƙofa ɗaya tana nan a matsayin tarko.

Yanzu kowane uba da ke karanta wannan ya tambayi kansa: makarantar da ɗansa yake zuwa ƙofa nawa gare ta? Me ake sayarwa a gidan da ke bayanta? Mafi yawanmu mun fi sanin farashin tiyar hatsi a kasuwar Maigatari fiye da amsar waɗannan tambayoyi.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan maganar tsara gari, a ce nan wurin kwana ne, can wurin sana'a, ilimin Nasara ne da aka ƙirƙiro don Paris da unguwar Plateau ta Yamai, mu nan ƙauye ne, kowa da iyakar gadonsa. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi, domin tana zagin kakanninmu ne ba tare da mai faɗinta ya sani ba. Wa ya koya wa Bahaushe ware maƙera da marina da majema da mahauta? A tsofaffin biranenmu ba a jeme fata a tsakar gidan da aka ga dama, saboda wari. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana da wurinta tun ɗaruruwan shekaru. Damagaram kanta ta tashi ne da Birni a gefe guda, inda fada take, da Zango a ɗaya gefen, inda fatake ke sauka da raƙuma da kaya. Har gidan Bahaushe tsari ne: zaure a gaba don baƙo da sana'ar maigida, cikin gida a baya don iyali, kuma indararo ba ya zubar da ruwa a gidan maƙwabci. In ya zubar, mai unguwa yana da ta cewa, in ta gagara a je gaban alƙali. Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi muke bi, sun yi dogon bayani a kan hayaƙi da wari da ƙara da girgizar da ke cutar da maƙwabci, har wani magini na Tunis mai suna Ibn al-Rami ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini. Wanda ya ce "gidana ne, in yi abin da na ga dama", shi ne ya zo da baƙon abu.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Tun 1966 Nijar take da doka a kan wuraren sana'a masu haɗari ko ƙazanta ko takura wa jama'a. A 2017 an yi dokar da ta shimfiɗa ƙa'idojin tsara birane, a 2018 aka yi ta gini da muhalli. Takardu suna nan. Abin da babu shi ne wanda zai buɗe su ya ce wa mai kuɗin unguwa a'a.

A nan ne maganar ta iso ofishin magajin gari, kuma a nan zan ɗan daɗe, don laifin mai jarka ƙarami ne in aka auna shi da na mai hatimi.

Ƙidayar 2012 ta samu mutum 577,743 a gundumar Magariya, da 353,867 a gundumar Dungas, wadda a 2011 aka cire ta daga Magariya ta tsaya da ƙafarta. Ƙidayar ta nuna al'ummar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wato tana ninkuwa cikin shekara 18 ko kusa da haka, kuma kusan rabinta yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yankinmu na cikin mafi cunkoso a Nijar. Gona ta tsuke, gari na cin gona, fili ya zama zinariya. Ma'anar wannan lissafi a fili take: makarantar da ke da aji shida yau za ta buƙaci goma sha biyu kafin 'yan ajin farkonta su yi aure su haihu. A ina za a gina su? A wannan filin da yau ake gani kamar kango, inda yara ke buga ƙwallo, awaki na kiwo. Shi ne filin da idon kowa ke kai.

Kowa ya san yadda lotisma take tafiya. A karɓi gonaki, a yanka filaye, a biya masu gona da wasu, ofishi ya sayar da sauran. Ga ƙaramar hukumar da harajin kasuwa da na kai ba sa isar ta biyan ma'aikata, sayar da fili shi ne kuɗi mafi sauƙin samu. A kan taswira ana barin hanyoyi da filin makaranta da na asibiti da na shan iska. Matsalar tana zuwa ne bayan shekaru, lokacin da filayen sayarwa suka ƙare, buƙatar kuɗi kuwa ba ta ƙare ba. Sai a tuna da wancan filin da aka ware, a ce ya yi wa makaranta yawa, a ɗan gutsiri gefensa a yi shaguna biyar. Shugaba na gaba ya zo ya gutsiri nasa. Ba wanda ya sace makaranta a rana ɗaya, amma ka dawo bayan shekara goma ka tarar da ita a matse kamar ɗakin haya, bayan shaguna ya zama katangarta, fitsarin 'yan kasuwa na kwarara ta gindin aji.

Kuma ku tuna, tun Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa shugabannin riƙo. A da, ko ba komai, akwai kansilan garinku da za ku tare a wurin suna ko jana'iza ku ce masa mun ji an sa hannu a kan kaza. Yanzu babu shi. Ba ina cewa naɗaɗɗe ya fi zaɓaɓɓe ɓarna ba, ko akasin haka. Ina cewa idon da ke kan taswira ya ragu, kuma in iyaye ba su cike gurbin ba, ba wanda zai cike.

Wanda yake ganin ai in an yi ɓarna a gyara daga baya, ya leƙa Kano. A watan Yunin 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fara rusa gine-ginen da ya ce an yi su a filayen jama'a, har da shagunan Filin Idi da waɗanda aka jera a jikin wasu makarantu. Mutanen da suka sayi shagunan da takardun gwamnatin baya suka wayi gari dukiyarsu ta zama tarin ƙasa, aka tafi kotu, har Babbar Kotun Tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30 ga 'yan kasuwar Filin Idi. Ko kana goyon bayan rusau ko kana adawa, abu ɗaya ba ya musuntuwa: an yi asara sau biyu, lokacin gini da lokacin rushewa. Kano na da arzikin da za ta shanye irin wannan. Wace ƙaramar hukuma ce tsakanin Bande da Waca da Malawa za ta iya? Ihu bayan hari ba namu ba ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka.

Daminar 2024 ma ta yi mana nuni. Ruwan da ya rusa tsohon masallacin Birnin Damagaram a farkon Satumba, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, shi ne ya sa aka ɗage komawa makaranta a duk ƙasar daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma cike suke da waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Ruwan sama daga Allah yake. Amma yanka fili a hanyar ruwa da gindin tafki da toshe magudana da barandar shago, wannan aikin hannunmu ne, kuma yara ne suka biya da kusan wata guda na karatu.

Sai hujjar talauci, wadda ita kam tana da nauyi. Mai sayar da mai a kwalba ba don nishaɗi yake yi ba, kuma ɗan kabu-kabun da ke ƙauyen da babu gidan mai a wurinsa yake sha. Cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 ya dagula lissafin sana'ar, amma kwalabe na nan a bakin hanya. Ba wanda ya ce a hana mutane neman abinci a gidajensu. Mai ƙuli-ƙuli da mai fura da tela da mai ɗan tebur da malamin allo a zaure, su ne rayuwar unguwa, kuma duk dokar da ta taɓa su wauta ce da aka kwafo daga ƙasar da ba tamu ba. Ma'auni ɗaya ne: cutarwa. Abin da ke fashewa, abin da ke tartsatsi, abin da ƙararsa ke hana aji jin malami, a matsar da shi daga jikin makaranta. Kuma wajibin hukuma ne ta nuna wa mai shi wurin da zai koma, kusa da tasha ko kasuwa, inda ma ciniki ya fi. Ofishin da ya iya samo fili don sayarwa zai iya samo fili don masu walda.

Mu ma da namu laifin, malamai da iyaye. Akwai shugaban makarantar da yake ba da hayar jikin katanga don ya samu kuɗin alli. An fahimci matsin da yake ciki, amma rumfar kara ta bana ita ce shagon bulo na baɗi, kuma wanda ya zuba siminti ba ya tashi da lallashi. Akwai kuma ɗan kwamitin kula da makaranta wanda ɗan'uwansa ne mai injin, don haka duk taron da aka yi sai a tattauna kuɗin gudunmawa da gyaran tebura a watse.

Abin da ya fi komai gaggawa shi ne takarda. Makarantun ƙauyukanmu da yawa a kan filin kyauta suke zaune, wani dattijo ya bayar da baki a gaban maigari shekara talatin da suka wuce. Dattijon ya rasu, shaidu sun rasu, magada sun ƙaru, gona ta yi tsada. Ranar da jika zai zo ya ce kakansa aro ya bayar, me darakta zai nuna? Alhali tsarin dokar karkara ta 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira kofo, tun daga gunduma har ƙauye, kuma suna ba da takardar shaidar kyautar fili. A je a yi ta tun masu sanin iyaka suna raye. A kafa duwatsun siminti a kusurwoyi, a dasa aguwa ko dogon yaro a kan layi in kuɗin katanga bai samu ba. A ajiye kwafi uku: ɗaya a makaranta, ɗaya wurin maigari, ɗaya a ofishin sufeton ilimi. A cikin garin Magariya da na Dungas kuwa, inda aka yi lotisma, kwamitin iyaye ya rubuta wa magajin gari ya nemi ganin taswirar unguwar, ya auna abin da ke kan takarda da abin da ke ƙasa, ya rubuta bambancin a littafin taro da sa hannun kowa, har da ƙungiyar iyaye mata, waɗanda galibi sun fi mu sanin abin da ake ajiyewa a kowane gida.

Kafin duk wannan ya kammala, akwai aikin da ba ya jiran izinin kowa. Duk makarantar da ke da ƙofa ɗaya, a fasa ta biyu a ɗaya gefen kafin hunturu ya kankama, a tabbatar tana buɗewa ta waje, kuma kada mabuɗinta ya kwana a aljihun mutum ɗaya.