A Cire Filin Yara Kafin A Sayar Da Fuloti Na Farko: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Asawase

Zuwa ga Shugaban Majalisar Gundumar Asokore Mampong, da mai girma Nana Asokore Mamponghene, da mai martaba Sarkin Zangon Kumasi.

Ranku ya daɗe, ɗanku ne daga Asawase ya zo da koke. Na haɗa ku ku uku a takarda guda domin abin da zan roƙa ba ya hannun mutum ɗaya: Nana ke da ƙasa, Majalisa ke da hatimi, Sarki ke da kunnen jama'a.

Duk ranar Lahadi a nan unguwa, sai ka yi dabara kafin ka kai gidanka. Wannan layi an kafa rumfunan aure, wancan ana suna, na gaba ana addu'ar mamaci, duk a tsakiyar hanya, masu mota da masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku, suna ta ribas. Ba rashin tarbiyya ke sa mutane tare hanya ba. Gidan da iyali 10 ke zaune ɗaki-ɗaki, ina za a shimfiɗa tabarmar baƙi? Yara kuwa, ƙwallonsu a bakin kwata yake, duwatsu biyu su ne raga, wasa na tsayawa duk lokacin da mota ta danno. Filin da ni kaina na koyi ƙwallo a cikinsa yau shaguna ne da kwantena. Ba zan ce wane ya sayar ba. Abin da na sani shi ne ba a rana ɗaya ya tafi ba: wani ya kafa teburin shayi a kusurwa, wani ya zuba yashi, wani ya ɗora bulo layi uku, muna kallo.

Abin takaicin shi ne Asawase ba haka ta fara ba. Unguwa ce da aka zana a takarda tun shekarun 1940, a zamanin da Maxwell Fry da Jane Drew suka tsara wa Kumasi taswirar 1945 da ta bar wa itatuwa da sarari wuri, har garin ya yi suna da birnin lambuna. Yau ɗan Aboabo ko Sawaba da ke son ya ga ciyawa shimfiɗe sai ya ɗauki mota zuwa Rattray Park, wanda aka buɗe a 2015, ya biya kuɗin ƙofa. Mai 'ya'ya shida ya yi lissafi da kansa. Abin da ya rage mana na kirki shi ne filin Dogo Moro, kuma ku duba nauyin da aka ɗora masa: ƙwallo, taron siyasa, wa'azi, biki. Sunan da yake ɗauke da shi ma abin tunani ne. Dogo Moro da Baba Yara da ire-irensu da suka ɗaga sunan Asante Kotoko da Black Stars, a ƙasa suka fara taka leda kafin su ga babban fili.

Ba na zo ne in ce a rushe wa kowa gida a tsohuwar unguwa ba. Wannan ruwa ya riga ya zube. Idona yana kan wuraren da har yanzu ake yanka ƙasa ana kafa duwatsun iyaka, wajen Parkoso da Buobai da Asabi, inda 'ya'yan Zango da Allah ya buɗa wa suke sayen fuloti, da kuma kamfanonin da ke karɓar eka masu yawa su kewaye da katanga su gina gidajen sayarwa. Roƙona: kada a amince da taswirar kowace sabuwar unguwa sai an cire filin jama'a a cikinta, buɗaɗɗe ga kowa, tun kafin a sayar da fuloti na farko.

Na san amsar mai kamfani, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce da kuɗinsa ya samu ƙasar, ya biya mai awo, ya biya lauya, wataƙila ma ya ci bashin banki. Kowane fuloti da aka cire, kuɗinsa sai ya hau kan masu sayen sauran. Kuma idan gwamnati na son lambu, ta saya. A wuri ɗaya na yarda da shi: idan an riga an sa masa hannu a taswira ya fara sayarwa, a dawo a ce ya ba da fili kyauta, wannan ƙwace ne, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya ce sai da diyya. Amma sharaɗin da aka gindaya tun kafin izini ba ƙwace ba ne. Ai babu mai gardama in an ce ya bar hanya da magudanar ruwa. Kuma me ya mai da gonar rogo ta zama fuloti mai tsada? Titin da jama'a suka biya, da wuta, da famfo, da kusancin filin jirgi. Wanda ya ci ribar garin, ya bar wa garin wurin shan iska. Mutum 500 da mai kamfanin zai zuba a unguwar kuwa, ba a cikin katangarsa za su yi suna da zaman makoki ba. Kan titinmu za su fito.

Nana, ranka ya daɗe, wannan magana ta fi ƙarfi a ƙasar Asante, domin a nan ba a sayar da ƙasa ɗungurungum. Ta kujerar sarauta ce, haya ce ta shekaru ake bayarwa, kuma sashe na 267 na Kundin ya ce amana ce a hannun sarauta domin jama'a. Mai riƙon amana yana da ikon ya ce wa mai haya: ga sharaɗina.

Shugaba, kai kuma doka ta riga ta sa maka sanda a hannu. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, mai lamba 925, ta ɗora ka kan kwamitin da ke amincewa da taswira da izinin gini, ta kuma ce ba a sauya wa filin jama'a aiki sai da yardar Majalisar Dokoki ta ƙasa. Matsalarmu ita ce koren fenti a taswira ba ya hana kowa zuba yashi. Fili marar takarda maraya ne. A auna shi, a yi masa rajista a Hukumar Filaye da sunan jama'a, a kafa allo mai ɗauke da girmansa, a manna taswirar a bangon ofis da ƙofar masallacin Juma'a, yadda kowace tsohuwa za ta san inda iyaka take. Kada kuma a karɓi cinikin wayo, inda za a nuna fadama ko ramin da ruwa ke kwanciya a ce ga rabon yara. Mu da muke ganin abin da rafin Aboabo da Pelele ke yi da damina mun san bakin rafi na ruwa ne. A bar masa, amma kada a ƙirga shi a matsayin filin wasa. Kuɗin kula da shi fa? A cikin kuɗin shigar ƙasar sarauta, bayan an cire kashi 10 na ofishin da ke kula da su, kashi 55 cikin 100 na abin da ya rage Majalisa ake ba wa. A yanki kaɗan a ciki don shara da fitila da itatuwan inuwa. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ma ƙofa ce da za a iya ƙwanƙwasawa.

Ku dubi Kano. An bari aka gina shaguna a filin Idi na Ƙofar Mata. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su. Kotu ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka daidaita a kan biliyan 3. 'Yan kasuwa sun yi kuka, baitulmali ya yi kuka, a kan filin da tun farko na jama'a ne.

Sarki, Allah ya ja zamaninka, naka ya fi sauƙi kuma ya fi wuya. Attajiranmu sun iya gina masallaci, har wani layi yana da uku. A tuna musu cewa waƙafi bai tsaya a masallaci ba: Sayyidina Umar gonarsa ta Khaibara ya tsayar, Sayyidina Usman rijiyar Ruma ya saya wa mutanen Madina. Limamai su faɗa a mumbari cewa mai fuloti huɗu da ya bar ɗaya don yara da zaman makoki ya yi sadaka mai gudana, kuma mai cin filin jama'a ya ci haƙƙin marayun unguwa.

Ina roƙonku ku zauna ku uku kafin damina mai zuwa, ku fara da ƙirga filayen jama'a da suka rage a gundumar nan, ku karanta mana sunayensu a bainar jama'a.

Wassalam.

Ɗanku,
Wani mazaunin Asawase, Kumasi