Karatun Ƙirar Jiki: Kafin Uba Ya Sayar da Fili



Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, akwai kalma guda da ke yawan shigowa zaurukanmu, wato anatomi, ilimin ƙirar jikin ɗan'adam, wanda malamanmu suka sani da sunan ilmut-tashrih. Iyaye sun kasu biyu a kansa. Wasu da sun ji ana fiɗe gawa sai su kau da kai, su ce ba da ɗansu ba. Wasu kuwa sai su fara kiran yaron "dokta" tun bai sa ƙafa a jami'a ba. Mu a ganinmu, kowane ɓangare bai kama zancen ta inda ya dace ba, kuma na biyun ya fi jawo asara.

Masu ƙyamar gawa suna da hujjar da muke girmamawa, domin mamaci yana da alfarma kamar yadda rayayye yake da ita. Sai dai malamai sun riga mu zama a kan wannan mas'ala. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 10 a Makka cikin shekarar 1408 Hijira, daidai da 1987, ta halatta fiɗar gawa don binciken laifi, da gano cuta, da koyar da likitanci, bisa sharuɗɗa: a tsaya iya larura, a nemi izini in gawar tana da masu ita, mata su kula da gawar mace matuƙar ana samunsu, sannan a binne dukkan gaɓoɓi bayan an gama. Ilimin ma ba baƙo ba ne a gidan Musulmi. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu tsakanin ɓangarori biyu na zuciya, fiye da shekara 300 kafin littafin William Harvey na Ingila ya fito a 1628. Wanda zai tsaga cikin haihuwar 'yarka, gara ya fara koyon hanya a jikin da ba ya jin zafi.

To, mu dawo ga masu kiran "dokta". A nan Gana, wanda ya samu gurbin likitanci a jami'ar KNUST ta Kumasi yakan yi shekara uku yana karatun halittar ɗan'adam, anatomi na ciki, sannan ya yi wasu uku a ɗakunan majinyata na asibitin Komfo Anokye, sannan aikin horo na shekara biyu a ƙarƙashin kulawar hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Anatomi a wannan tsari matakala ce ta farko, ba ita ce benen ba. Amma gurbin likitanci ƙunci gare shi, don haka yaranmu da dama kan juya ga Najeriya, inda dangi suke. A can, jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna ba da digirin anatomi mai zaman kansa. Digiri ne na gaske, mai wuya kuwa. Ɗalibi zai san ƙasusuwa 206 na jikin baligi ɗaya bayan ɗaya, ya bi jijiya daga tushenta har bakinta, ya duba tsoka a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya karanta yadda ɗan tayi ke ginuwa a mahaifa. Amma wannan takarda ba ta ba shi ikon duba mara lafiya ko rubuta magani ba, a Najeriya ko a Gana. Ko jarrabawar da ake yi wa likitocin da suka yi karatu a waje ba zai zauna ba, tunda ba likitanci ya karanta ba. Uban da ya sayar da fili bisa zaton cewa "daga baya za a juya shi zuwa likitanci" ya sayi kifi a ruwa. Canjin yakan yiwu ga 'yan kaɗan, ba alkawari ba ne.

Wannan ba ya nufin karatun banza ne. Wanda ya ɗora da digiri na biyu da na uku shi ke zama malamin da likitoci ke durƙusawa gabansa a shekarunsu na farko. Akwai aiki a ɗakunan binciken tsoka, da cibiyoyin taimaka wa masu neman haihuwa, da binciken ƙasusuwa don gano mamaci, da kamfanonin kayan asibiti. Galibinsu dai suna neman ƙarin horo, kuma guraben ba su da yawa.

Akwai kuma ɗakin ajiyar gawa, wurin da ba ma son ambata. Kowa a Zango ya san zaman jiran da ake yi idan doka ta ce sai an binciki gawa, alhali mu muna gaggawar sutura. Likitan da ya ƙware a binciken cuta ne ke yin wannan aiki, amma kewaye da shi akwai masu kula da gawa da masu shirya samfuri, kuma da wuya ka ga namu a cikinsu. Muna kukan ba a san al'adarmu ba, mu ne kuma muke hana 'ya'yanmu kusantar ƙofar. Sharaɗin da malamai suka kafa na mata su kula da gawar mace, wa zai cika shi in 'ya'yanmu mata ba su karanta ba?

Don haka muke roƙon duk uban da aka kawo wa takardar shiga jami'a, kafin ya biya ko sidi ɗaya, ya sa a karanta masa sunan digirin harafi bayan harafi, ya tambayi shekara nawa ne, kuma wace hukuma ce za ta yi wa yaron rajista idan ya gama. In an ce babu hukumar, sai a zaunar da yaron a ji daga bakinsa ko koyarwa da bincike yake so, ko kuwa farar riga yake hange. Wanda farar riga yake so, ya fi masa ya sake zama jarrabawa, ko ya duba aikin jinya, ko ɗaukar hoton ciki, ko gashin ƙashi, waɗanda kowannensu ke da lasisinsa.