RA'AYINMU: YARON DA BA YA KALLON IDO

Babu wata unguwar Hausawa a nan Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabon Badun da na Shagamu, da ba a san irin yaron nan ba. Bai buɗe baki da wuri ba. In an kira sunansa ba kasafai yake juyowa ba, in kana masa magana ba ya kallon idonka. Ƙarar injin wuta ko hayaniyar tasha takan sa ya toshe kunnuwansa ya yi ta kuka. Amma ka ba shi tsohuwar rediyo, sai ya wuni yana kwancewa yana ɗaurawa, ko abinci ba ya tunawa. Wasu su ce wawa ne, wasu su ce iska ce ta shafe shi. A yi ta yawo da shi wurin masu magani, in an gaji a sa shi a mota a kai shi gida wurin kakarsa. Shi ke nan, karatu ya ƙare.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, da Hausa kuwa an fi cewa galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a rubuce cikin 1943. Ba hauka ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Haka ƙwaƙwalwar yaron ta ginu, kuma da shi zai girma. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi aiki da shi a 2023 ya ce kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Abin hawa-hawa ne: wani ba zai taɓa yin magana ba, sai an kula da shi muddin ransa, wani kuwa yana iya zama malamin jami'a.

A kan wannan na biyun muke magana yau, da ilmin fiziks, wato ilmin da ke binciken motsi da haske da zafi da lantarki.

Masana wannan fanni sun daɗe da sanin irin mutanen nan a cikinsu. Henry Cavendish na Ingila, wanda a 1798 ya auna nauyin duniya da dunƙulen dalma a cikin ɗaki, har awonsa ya zo daf da wanda ake da shi yau, bai iya haɗa ido da mutane ba. Masu aikin gidansa mata ma sai ta takarda yake ba su umarni. Sai kuma Paul Dirac, haifaffen Biristol a 1902. Shirunsa ya kai abokan aikinsa a Kambirij suna ba'a cewa ma'aunin "dirak" shi ne kalma ɗaya a awa guda. Ya gama karatun injiniyan lantarki a 1921 bai sami aiki ba, sai ya koma lissafi. A 1928 ya fito da lissafin da ya kai ga hasashen wata ƙwayar zarra da ba wanda ya taɓa gani. Aka gano ta a 1932, aka ba shi lambar Nobel a 1933. Da ita wasu na'urorin asibiti suke ɗaukar hoton cikin jiki a yau.

To, a nan sai mu yi hattara. Babu likitan da ya duba ɗaya daga cikinsu yana raye. Marubuta ne daga baya suka dubi halinsu suka yi zato. Kuma kada wani uba ya karanta wannan ya ɗauka ɗansa Dirac ne a ɓoye. Yawancin masu galahanga ba gwanayen lissafi ba ne, kamar yadda yawancin 'ya'yanmu duka ba gwanaye ba ne. Abin da dai aka tabbatar shi ne, wani bincike a Amurka cikin 2013 ya nuna cewa cikin masu wannan hali da suka shiga manyan makarantu, kusan kashi 34 cikin 100 kimiyya da fasaha suka zaɓa, fiye da sauran ɗalibai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ciniki a kasuwa yana son karanta fuska da gane habaici, abin da ke wahalar da su ke nan. Dokar fiziks kuwa ba ta da habaici. Abin da ta ce jiya shi za ta ce gobe, kuma tana son mai naci, wanda zai zauna kan tambaya ɗaya har mako.

Saboda haka ba darasin ne ke ka da yaron nan ba, hanyar ce. Ajin da ya cika maƙil, ga malami na tsawa. Jarrabawar Turanci, wadda dole ya ci kafin jami'a ta karɓe shi ko da ya cinye lissafi da fiziks, ga ta cike da karin maganar da yakan ɗauka a zahirinta. In ya shiga jami'a, ga shekara 4 a ɗakin kwana mai cunkoso, ga aikin gwaji na ƙungiya, ga jadawalin da ake canzawa ba sanarwa. Bayan nan mako 3 a sansanin bautar ƙasa, da begila da fareti tun asuba. Daga ƙarshe ganawar neman aiki, inda rashin kallon ido kaɗai ya isa a ce ba shi da natsuwa.

Doka dai akwai ta. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti a 2017 don makafi masu ɗaukar jarrabawarta, daga baya ta shigar da masu galahanga. Muna yaba wannan. Amma muna kira ga jami'o'i su ɗora daga nan: ɗaki marar hayaniya ran jarrabawa, umarni a rubuce filla-filla, da malami guda da ɗalibin zai riƙa zuwa wurinsa. Wane kuɗi wannan zai ci? Haka nan wuraren da ke ɗaukar masu digirin fiziks, irin su cibiyar binciken makamashi ta Zariya da hukumar sararin samaniya da aka kafa a 1999, ya kamata su gwada mai neman aiki da aikin kansa, kada a tsaya ga iya zance.

Babban nauyin kuwa a wuyanmu yake. Mu da ke zaune Kudu muna kusa da asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, da na Aro a Abekuta, da asibitin koyarwa na Badun, inda akwai likitocin yara da suka san wannan hali. Yawancinmu kunya ce ke hana mu zuwa, kada a ce gidan wane akwai mahaukaci. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su yi magana a kai a bainar jama'a, su kuma sa irin yaran nan cikin waɗanda asusun ƙungiya ke biya wa kuɗin makaranta. Uban da ke da irin wannan ɗa a aji 5 ko 6 na sakandare ya nemi takardar likita tun yanzu, domin a lokacin rajistar JAMB ake bayyana halin ɗalibi, ba ranar jarrabawa ba.