Hawan Dutsen Hira: Maganar da ya kamata a yi wa maniyyata tun a wajen bita

Duk wanda ke leƙa Facebook ko TikTok a lokacin aikin Hajji, ko a goman ƙarshe na Ramadan da Makka ke cika da masu Umara, ba zai rasa ganin irin bidiyon nan ba. Mutum yana haki, gumi ya jiƙa masa riga, fitilun birni na ƙyalli can ƙasa, yana shaida wa 'yan gida cewa ga shi a saman Jabalun Nur. Nan da nan sai a yi ta zuba masa addu'a da fatan alheri. Abin da waya ba ta cika ɗauka ba shi ne dattijon da ya zauna a rabin hanya ƙafa ta ƙi, ba ya iya ci gaba, saukowar ma ta zama masa aiki.

Hawan wannan dutse ya zama wani abu da alhazai da dama ke ɗauka kamar wani ɓangare ne na tafiyar. Amma a shirye-shiryen da ake yi wa maniyyata a gida, maganarsa ba ta samun wurin da ya dace da ita. Ana koyar da ihrami da ɗawafi da jifa, ana jan kunne a kan guzuri da nauyin jaka da haramcin ɗaukar goro. Dutsen kuwa, kowa ana barinsa da abin da zuciyarsa ta raya masa da abin da abokan ɗakinsa suka zuga shi. Wannan giɓi ne, kuma hukumomin alhazai ne ya kamata su cike shi.

Jabalun Nur yana arewa maso gabashin Masallacin Harami, tazarar kilomita huɗu ko makamancin haka. Tsayinsa ya kai kimanin mita 640 daga saman teku. Daga gindinsa zuwa kogon, mai hawa zai ɗaga sama da kimanin mita 270, wato kamar ya hau bene mai hawa kusan 90 da ƙafa. Matakalun sun haura dubu, kuma ba ɗaya suke ba: wata gajera, wata sai an ɗaga gwiwa sosai, wata ta sha tafin ƙafa har ta yi santsi. Bakano da ya saba hawa Dala, inda matakalu 101 ne, sai ya ninka wannan fiye da sau goma, sannan ya ɗora zafin Makka a kai. Mai ƙarfi yakan kai sama cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Mai shekaru ko mai nauyin jiki yakan shafe awa biyu, wani ma fiye.

Isa ƙololuwar ba shi ne ƙarshen lamarin ba. Kogon yana ɗan ƙasa da ƙololuwa ta ɗaya gefen, sai an gangara an kutsa ta wani matsattsen tsaga tsakanin duwatsu, inda mai shiga da mai fita ke gogayya da kafaɗa. Shi kansa kogon tsawonsa bai kai mita huɗu ba, faɗinsa bai kai mita biyu ba. Mutum biyu ko uku sun cika shi. A lokacin cunkoso kuwa ɗaruruwa ne ke jira a bakin wannan ɗan rami, kowa yana son ya shiga ya yi raka'a biyu ko ya ɗauki hoto, a wurin da kuskuren taku ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Ga birai da ke yawo a jikin dutsen suna fizgar leda da gorar ruwa daga hannun wanda ya yi sakaci.

Babu mai hankalin da zai raina abin da ke jan mutane zuwa can. A wannan kogo ne Manzon Allah (SAW) yake keɓewa yana ibada kafin a aiko shi, yana komawa wurin Nana Khadija ya yi guzuri ya sake hawa. A nan Mala'ika Jibrilu ya zo masa da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ, a watan Ramadan, yana da shekara 40, wajen shekarar 610 miladiyya. Mutumin da ya tashi yana jin wannan ƙissa tun yana makarantar allo, ya yi shekaru yana tara kuɗi, ranar da ya ga dutsen da idonsa dole zuciyarsa ta motsa. Kuma wanda ya hau ya ji yadda cinya ke rawa, ya fahimci wani abu game da sira wanda karatu kaɗai ba ya bayarwa. Wannan gaskiya ne, bai kamata masu wa'azi su yi kamar ba su san da shi ba.

Sai dai akwai wata gaskiyar da ta fi ta muhimmanci ga alhaji. Hawan Jabalun Nur ba rukuni ba ne na Hajji ko Umara, ba wajibi ba ne, kuma wanda ya bar shi babu fansa a kansa, babu abin da ya ragu daga aikinsa. Malamai sun saɓa a kan hukuncin ziyarar ita kanta. Wasu, ciki har da manyan malaman Saudiyya, suna ganin zuwa da niyyar ibada ba shi da asali, suna kafa hujja da cewa ba a ruwaito Manzon Allah (SAW) ya koma kogon don ibada ba a shekarar buɗe Makka ko a Hajjin Bankwana. Wasu suna ganin babu laifi a je don tunawa da ɗaukar darasi. Wannan muhawara ce ta malamai, ba a shafin jarida za a yanke ta ba. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: ba ya cikin ayyukan Hajji. Wannan jimla guda ita ce ya kamata ta isa kunnen kowace tsohuwa daga Gumel ko Maraɗi kafin ta taka jirgi, domin akwai masu hawa da zaton cewa idan ba su hau ba tafiyarsu ta yi naƙasu.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. A 2025 kuɗin kujerar Hajji a Najeriya ya haura naira miliyan takwas. Wani gona ya sayar, wani shanu, wani shekaru ya yi yana zubi a adashin gata. Mafi yawan alhazan Najeriya kuma suna isa Makka kwanaki da dama kafin ranar Arfa, kuma a waɗannan kwanaki na jira ne ake yawan fita ziyara. Wanda ya gurɗe ƙafa a kan dutse mako ɗaya kafin a fita Minna, da wannan ƙafar zai yi zirga-zirgar tanti zuwa wurin jifa, da ita zai yi ɗawafi, da ita zai yi Safa da Marwa, wanda shi kaɗai ya kai kusan kilomita uku. Ya kashe ƙarfinsa a kan abin da ba a ɗora masa ba, ya zo ga abin da ya fito dominsa yana neman mai tura shi a keke. Hausawa dai sun ce a bar kaza cikin gashinta, amma ba a irin wannan ba.

Sai maganar zafi. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka je ba da izinin Hajji ba suka yi doguwar tafiya a rana babu mafaka. Waɗannan rayuka ba a kan Jabalun Nur aka rasa su ba, amma darasin ya shafe shi kai tsaye. Dutse ne tsirara, inuwa kaɗan ce a kansa, kuma jikinsa yana shan rana ya riƙa mayar da ita har bayan magariba. Idan zafin cikin jikin mutum ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara rikicewa. Mutum ya soma magana ba kan gado, ko ya yi ta layi kamar mai maye, abokan tafiya su ɗauka gajiya ce su ce ya ɗan huta. Alhali abin da yake buƙata a lokacin shi ne a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a nemi agajin likita ba tare da ɓata lokaci ba. A ƙasa motar asibiti na iya isa gare shi. A can sama sai an sauko da shi a kan matakalun da ya hau.

Ana ta murnar cewa Hajji ya fara fita daga tsakiyar lokacin zafi, tunda kalandar Musulunci tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Haka ne. Amma watan Mayu a Makka ma zafi yana haura digiri 40, kuma masu Umarar Ramadan suna hawa ne da jikin da ya wuni babu ruwa, barci kuma rabi da rabi.

Akwai kuma abin da mutane ba sa kawowa a rai: saukowa ta fi hawa haɗari. A hawa huhu da zuciya ne ke wahala, kuma suna gargaɗi da wuri, mutum ya tsaya ya huta. A saukowa gwiwa ce ke ɗaukar nauyin jiki a kowane taku, a lokacin da cinya ta riga ta gaji, hankali ya koma kan mota da abinci. Ga silifas ɗin roba da galibin alhazai ke yawo da su, waɗanda aka yi don banɗaki da harabar masallaci. Ga doguwar riga ko abaya da ke shiga ƙarƙashin ƙafa. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abin kirki ba, sukarinsa na iya faɗuwa a tsakiyar hanya. Mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, ruwan jikinsa ya fi saurin ƙarewa. Likitan tawaga ya san duk wannan, amma ba a tambayarsa kafin a fita.

Hukumomin Saudiyya sun yi nasu motsi. A 2023 an buɗe wata cibiyar al'adu ta Hira a gindin dutsen, mai wurin baje kolin tarihin saukar wahayi, inda har aka kwaikwayi siffar kogon don wanda ba zai iya hawa ba ya gani. An kuma gyara hanyar hawan, an sa alamomi. Wannan ya rage wahala, amma bai rage tsayin dutsen ba, kuma gyaran hanya yakan jawo waɗanda da can tsoro ke hana su. Ƙasashen da ke da duwatsu masu farin jini sun san wannan matsala. A Japan, bayan cunkoso ya yi yawa a Dutsen Fuji, a 2024 hukumomi sun kafa ƙofa a hanyar da aka fi bi, suka ƙayyade mutum 4,000 a rana, suka sa kuɗin shiga, suka hana farawa daga la'asar ga wanda bai kama wurin kwana a kan dutsen ba. Ko Saudiyya za ta bi irin wannan hanya, ita ta sani. Najeriya da Nijar ba su da iko da dutsen. Suna da iko da abin da suke faɗa wa mutanensu.

Hanawa da ƙarfi ba za ta yi aiki ba. Jami'in hukumar alhazai ba zai tsaya a ƙofar masauki yana gadin manya ba, kuma matashin da ya ƙudura zai tari tasi da tsakar dare ya tafi, wannan karon ma a ɓoye, wanda shi ne mafi muni. Abin da ake buƙata shi ne magana ƙarara. NAHCON da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi su ware wa wannan batu lokaci a bita, malami da likita su zauna a teburi ɗaya. Malami ya faɗi matsayinsa a shari'a, likita ya faɗi waɗanda bai kamata su gwada ba: mai ciwon zuciya, mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, mai asma da ba ta lafa ba, da duk wanda hawa bene mai hawa uku ke sa shi tsayawa ya riƙe bango. Wanda kuma yake da lafiya ya nace, a ce masa ya bari sai an sauko daga Minna, ya tafi bayan sallar asuba ko da yamma liƙis, cikin ayari, da takalmi mai kama ƙasa, da ruwa isasshe da gishirin ORS, da katin shaidarsa a wuya, kuma ya sanar da jagoran rukuninsa. Idan ya tarar da turmutsutsu a bakin kogo ya haƙura da shiga.

Kamfanonin Umara masu zaman kansu su ma suna da nasu kaso. Wasu suna saka hoton kogon a tallarsu, amma idan an je motar ziyara a gindi take tsayawa na 'yan mintoci, wanda ransa ya biya sai ya dawo shi kaɗai daga baya, babu jagora, babu wanda ya san inda yake. Wanda ya tallata wuri ya karɓi kuɗi, bai kamata ya wanke hannunsa daga abin da zai biyo baya ba.

Akwai kuma abin kunya da ya kamata a faɗa ko da ba daɗi. Duwatsun da ke kewaye da kogon cike suke da sunaye da aka rubuta da fenti da alƙalami, ga gorunan roba da ledoji a kwazazzabai. Mutane daga ƙasashe da yawa ne suka yi wannan, ba al'umma ɗaya ba. Amma wanda ya ce son Annabi ne ya kai shi can, ya kamata ya sauko da gorarsa a hannu, ya kuma bar dutsen ba tare da sunan garinsu a jikinsa ba.

Duk wannan ya shafi Dutsen Saur da ke kudancin Makka, inda Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a hanyar Hijira. Shi ya fi Jabalun Nur tsayi, hanyarsa ta fi tsawo, kuma masu hawansa ba su kai yawan na Hira ba, don haka wanda ya faɗi a can zai iya daɗewa kafin a gan shi. A haɗa su biyun a saƙo ɗaya. Ba sai an buga littafi ba. Muryar minti uku da Hausa da Fulfulde da Kanuri da Zabarmanci, a tura ta zaurukan WhatsApp da kowace ƙaramar hukuma ke buɗe wa maniyyatanta, a sake tura ta ranar da ayari ya sauka Makka daga Madina.