Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

Jama'a, kowa ya san wasan Resident Evil, amma ƙanensa, watau Dino Crisis, an manta da shi. Kamfanin Capcom na Japan ne ya fito da shi cikin 1999. Ina yaro na buga shi a PlayStation, gabana na ta faɗuwa. Ga Regina a wani tsibiri, manyan ƙadangarun zamanin da suna farautarta, harsashi kuwa kaɗan ne. In ka yi almubazzaranci, ka halaka. Wata ƙofar ba ta buɗuwa sai ka warware haruffan asiri. Nan na koyi tattali da haƙuri.

Saboda haka, 'yan'uwana malaman gobe, kada mu ce duk wasa shiririta ne. Mu fara tambayar yaro abin da ya koya tukuna.