Kwana Biyu a Kano: Hoto Za a Kawo Mana Ko Labari?



Da wuya a yi zangon karatu guda ba a samu wasu daga cikinmu sun kwana biyu a Kano ba. Wani ya raka mai tafiya Umara filin jirgin Malam Aminu Kano, wata ta bi gwaggonta sayayyar biki a Kantin Kwari, wasu kuma makaranta ce ta kai su yawon buɗe ido. A bi ta Kazaure ranar Juma'a da yamma, a dawo Lahadi kafin magariba. Ranar Litinin idan ka tambayi abin da aka gano, sai a miƙo maka waya: ga hoto a Ado Bayero Mall, ga hoto a kan gadar sama, ga hoto da kofin askirim. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin wannan asara ce, kuma asarar ta fi yawa ga ɗan Daura.

Ga dalili. Kowa a nan ya san baƙin da ke tsayawa a rijiyar Kusugu. Mota ta tsaya, a sauko, a leƙa rijiya, a ɗauki hoto, a koma mota. Ba su tambayi dalilin da ya sa a da sai ranar Juma'a ake ɗiban ruwa ba, ba su ji labarin Daurama ba. Mukan ce waɗannan sun zo Daura amma ba su gan ta ba. To, wanda ya je Kano ya ƙare a manyan shaguna, me ya bambanta shi da su?

Kano ba baƙuwarmu ba ce. Tarihin da aka gada ya ce Bagauda, sarkin Kano na farko, ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda, kuma ana lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Ke nan labarin da ya faro a bakin rijiyar unguwarmu, ci gabansa yana can. Wanda ya san Kusugu bai san Dala ba, rabin littafi ya karanta.

Wani zai ce kwana biyu ba su isa a ga tumbin giwa ba. Gaskiya ne, amma ai ba duka za a gani ba. Wuraren da suka fi muhimmanci suna kusa da juna a cikin birni. Da safiyar Asabar, kafin rana ta yi zafi, a hau Dutsen Dala, inda aka ce Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda. Daga can sama za ka hango Goron Dutse da tsofaffin unguwannin birni. A sauko a shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Fataken da suka ratsa Sahara a nan suke sauke kaya, kuma har gobe dukawa da masu kayan doki suna nan. Da azahar a yi salla a Babban Masallaci, ga Gidan Rumfa, wato fadar sarki, a gefensa. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Gidan Makama, inda aka adana kayan tarihi da hotunan lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903.

Ranar Lahadi da safe a leƙa marinar Ƙofar Mata. A tsaya a ga yadda ake jiƙa baba da toka a rami, a tsoma farin ƙyalle a ɗaga shi ya sha iska, a sake tsomawa har ya zama shuɗi. Wannan darasin kimiyya ne da ba ya buƙatar allo. Wanda yake da sauran lokaci ya biya ta Gwammaja ya ga Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983. Ƙanƙantar ɗakinsa kaɗai ta isa wa'azi ga mai son shugabanci.

Wani kuma zai kawo maganar kuɗi. A lissafa: kuɗin A Daidaita Sahu zuwa cikin birni da ɗan abin da za a bayar a ƙofa, da kuɗin da ake kashewa a kan ciye-ciye da wasannin kwamfuta, wanne ya fi? Ba mu ce kada a shiga shago ba. Cewa muka yi a bar shi zuwa dare, tunda shi yana nan da fitilunsa, Dala kuwa sai da rana.

Yanzu ana aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ta Daura zai bi. Idan ya kammala, zirga-zirga za ta ƙaru, baƙi za su ƙaru a Kusugu. Wa zai tsaya ya yi musu bayani, ya haɗa musu Daura da Kano da Katsina a zare ɗaya, idan ba mu ba?

Saboda haka muna roƙon malamanmu masu shirya tafiya su riƙa sa Dala da Gidan Makama a sahun farko. Ɗalibin da zai tafi da iyayensa kuma ya nemi izini cikin ladabi, ya nemi babba ya raka shi, ya riƙe biro da ɗan littafi. Duk wanda ya dawo da rabin shafi na abin da ya gani da abin da ya tambaya, ya kawo mana, za mu liƙa shi a wannan allo da sunansa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma sai ga wanda ya buɗe ido.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta